Shotkek a Tambulan: Gwanintar Sanin Lokaci

A garin Plant City na jihar Florida ta Amurka, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ana yin bikin sitiroberi na kwana 11, bikin da aka fara tun 1930. Akwai mawaƙa, akwai lilo, akwai baje kolin dabbobi, amma mutane da yawa abin da ke kai su shi ne rumfar cocin St. Clement. A can 'yan sa-kai ke miƙa wa kowa kwano, ya zaɓi abin da za a shimfiɗa masa a ƙasa, ko kek mai laushi ko biskit irin nasu, sannan ya lafta yankakken sitiroberi da bugaggen kirim iya son ransa. Wannan shi ne shotkek. A 2022 jihar ta ayyana shi a matsayin kayan zaƙinta na hukuma, gwamna Ron DeSantis kuma ya sa hannu a dokar a wajen bikin.

Wanda ya ji an yi wa abinci doka zai zaci wani gagarumin girki ne. Abu uku ne kawai: gasasshen kwaɓin fulawa, 'ya'yan itace da aka barbaɗa wa sukari, da kirim. Yaro ma zai iya haɗa su. Abin da yaro ba zai iya ba, kuma manyan ma da yawa suke kasawa, shi ne ya sa ukun su iso bakin mai ci kowanne yana kan ganiyarsa, domin ba sa son abu ɗaya. Kwaɓin yana son zafi da bushewa. Sitiroberin yana son a ba shi lokaci ya huta a cikin sukari. Kirim ba ya son komai sai sanyi, kuma daga lokacin da aka gama buga shi ya fara komawa baya. Idan aka ce a zuba su a kofi, kowane baƙo da nasa, sai aikin ya ƙara tsauri, ko da yake a ido sauƙi ya ƙara.

Mu fara da na ƙasa, inda gardamar Amurkawa take. Tsohon yayi, wanda ni ma nake bayansa, biskit ne, amma ba mai ƙaras-ƙaras na kanti da muke tsomawa a shayi ba. Nasu mai kauri ne, bayansa ya gasu ya yi ja, cikinsa da laushi, yana marmashewa idan an ɓara shi. Ma'auninsa ba sirri ba ne: fulawa kofi 2, wato kamar giram 250, bekin fauda babban cokali 1, sukari cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali, bota giram 85 zuwa 110, da kirim ko madara kusan mililita 180. Mutum biyu za su ɗauki wannan ma'auni, ɗaya ta fitar da abin da ke narkewa a baki, ɗaya ta fitar da abin jifan kare. Bambancin yana hannu.

Gwanar ba ta barin bota ya narke. Tana ciro shi daga firji da sanyinsa, ta yayyanka shi ƙanana, ta murza shi cikin fulawa da kan yatsu kawai, ba da tafin hannu ba, saboda tafi ya fi ɗumi. Tana tsayawa tun ana ganin gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake a cikin garin. Waɗannan gutsattsarin su ne dukan dabarar. Bota yana ɗauke da ruwa, kusan kashi 16 cikin 100, kuma idan kwaɓin ya shiga obin mai zafin digiri 220, ruwan nan ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin, ya bar ƙananan kogo a inda botan yake. Maiƙon kuma yana lulluɓe fulawa ya hana ta yin danƙo. Mai burodi danƙo yake nema, shi ya sa yake dukan kwaɓinsa har gumi ya keto masa. Mai shotkek gudun danƙo take. Da ta zuba madara, juyi kaɗan take yi da cokali mai yatsu, kwaɓin ya haɗu da ƙyar, yana nan kaca-kaca kamar ba a gama ba, sai ta juye shi a kan tebur ta danna da hannu har ya kai kaurin santimita 2 ko fiye kaɗan. Sabon shiga ba ya iya jure ganin kwaɓi a haka. Hannunsa yana ƙaiƙayi, sai ya ƙara murzawa don ya yi sumul, kuma a nan yake ɓata shi.

Ko wajen yanka akwai hankali. Ana danna abin yankan ne kai tsaye a ɗaga, ba a murɗa shi, domin murɗawa tana liƙe gefen kwaɓin ta hana shi tashi. Minti 12 zuwa 15 ya isa gashi. Masu aiki a ɗakin girki mai zafi kan daskarar da botan sarai, su goge shi da abin goga kuɓewa kai tsaye cikin fulawa, su mayar da kwanon firji kafin su ci gaba.

Wannan laushin bai daɗe a duniya ba. Littattafan girkin Ingila sun ambaci shotkek tun ƙarshen ƙarni na 16, amma na lokacin ya fi kusa da busasshen biskit mai maiƙo. Ko a 1847, da Eliza Leslie ta birnin Philadelphia ta wallafa yadda ake kek ɗin sitiroberi, nata ana tsaga shi ne a cusa dakakken sitiroberi a tsakiya, a shafe samansa da farin sukari, babu bugaggen kirim. Sai da bekin fauda ya samu, aikin da Alfred Bird ya fara a Birmingham a 1843, Eben Horsford na jami'ar Harvard kuma ya kyautata shi daga 1856, sannan tayar da kwaɓi cikin minti kaɗan ba tare da jiran yis ba ya zama abu mai sauƙi ga matan gida. Kirim ya zama ruwan dare daga baya, da abin sanyaya abinci ya shiga gidaje.

Shi kansa sitiroberin da ake ci yau baƙon haure ne a ko'ina. 'Yan asalin Amurka sun san na daji tun fil azal. Roger Williams ya rubuta a 1643 cewa mutanen Narragansett suna daka shi a turmi su haɗa da garin masara su yi gurasa. Amma wancan ƙanƙane ne. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa, Amédée-François Frézier, ya dawo daga Chile da tsiron wani iri mai manyan 'ya'ya, biyar suka tsira a doguwar tafiyar jirgin ruwa. A gonakin yankin Brittany aka shuka shi kusa da ɗan ƙaramin nan mai ƙamshi na gabashin Amurka ta Arewa, suka barbari juna, daga nan aka samu kakan duk wanda ake sayarwa a kasuwa yanzu.

Halinsa guda da mai shotkek ba ta mantawa da shi: ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Ayaba da mangwaro ana ajiye su su nuna, shi kuwa yadda ya bar gona haka zai mutu. Don haka da hanci take saye. Wanda ba ya ƙamshi a kwando ba zai yi a kofi ba, wanda kafaɗarsa ke fari kusa da ganye an yi gaggawar cire shi. Jihar Kalifoniya ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na sitiroberin Amurka, a wurare irin su Watsonville, Salinas da Oxnard, kuma irin da ake nomawa don doguwar tafiyar mota an zaɓe shi ne saboda tauri da kyan gani. Wannan ne ya sa tsofaffi a jihohin arewa maso gabas har yau suke jiran watan Yuni, lokacin da na gonar kusa da gida ke fitowa, kuma ba banza ba aka sa ranar shotkek ta ƙasa a 14 ga Yuni.

Ana wanke shi da ganyensa a kai, a gaggauce, a tsane shi, sannan a cire ganyen. Idan aka cire kafin wanki, ruwa ya shiga ta ramin ya salance shi. Sai ta yanka, ta ɗanɗana guda, domin ɗanɗanon ne zai gaya mata yawan sukari, ba littafi ba. Ga rabin kilo, cokali 2 zuwa 3 ne aka saba, da ɗan gishiri a tsinin yatsa, da matsin lemon tsami idan zaƙin ya yi lami. Sai a rufe a bar shi a ɗaki, ba a firji ba, minti 30 zuwa awa ɗaya. Sitiroberi kusan kashi 91 cikin 100 ruwa ne. Sukarin da ke jikinsa yana jawo ruwan waje, ya narke a ciki, sai ga wani jan romo mai sheƙi ya taru a gindin kwano ba tare da an ɗora komai a wuta ba. Wannan romon shi ne ran abincin. Gwanaye da yawa kan murƙushe kashi ɗaya cikin uku da cokali mai yatsu, su bar sauran a yanke, don romon ya yi kauri ya riƙa manne wa kek maimakon ya zarce ƙasa. Idan kuwa aka manta da shi ya kwana, launin ya dushe, 'ya'yan su yi laƙwas, ƙamshin ɗanyen itace ya tafi.

Kirim shi ne mai saurin fushi. Sai maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin 100 kafin ya yarda ya tashi, wanda Amurkawa suka fi so kuwa yana da 36 ko fiye. Madarar gwangwani ba ta kai ko kusa ba. Za ta yi kumfa idan ta yi sanyi sosai, amma kafin a kai ta falo ta kwanta. Abin da ke faruwa wajen bugu shi ne maburgi yana tura iska ciki, ƙwayoyin maiƙo kuma suna kewaye kumfar suna riƙe juna. Sai da sanyi suke da ƙarfin riƙon. Shi ya sa gwanar ke sa kwano da maburgi a firji tun da wuri, idan rana ta yi zafi ma ta ɗora kwanon a kan wani mai ƙanƙara.

Mililita 240 na kirim da sukari cokali 2 zai ninka kansa. Wahalar ita ce sanin wurin tsayawa. Idan aka ɗaga maburgi, kirim ɗin ya miƙe sannan kansa ya sunkuya a hankali, to an iso. Daga nan zuwa lalacewa da na'ura bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba: ya daina sheƙi, ya fara gudaji, ya yi rawaya-rawaya. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana tana kaɗa nono a gora har man shanu ya ware ya san ƙarshen wannan hanya, domin aikin ɗaya ne, sai dai ita can take son zuwa. Saboda haka masu hankali kan kashe na'ura tun da saura, su ƙarasa da hannu. Idan an ɗan zarce, cokali biyu na kirim ɗin da ba a buga ba, a juya a hankali, yakan dawo da shi.

Tun 1966 da Cool Whip ya shiga kasuwa, gidaje da yawa a Amurka sun huta da wannan fargaba. An yi shi ne galibi da man itatuwa, yana jure zafi, ba ya kwanciya. Ban ga laifin wanda ya yi amfani da shi a taron mutum ɗari ba, amma yana barin wani santsi a ganɗa wanda kirim na gaske ba ya bari, kuma zaƙinsa yana danne sitiroberi. Mai son kirim ya daɗe a tsaye tana da wasu hanyoyi: cokali biyu na madarar gari, ko ɗan cukwin maskafon, ko yogot mai kauri da aka tace, wanda ɗan tsaminsa ma ƙari ne. Littattafan Amurkawa sun fi ambaton jelatin, sai dai Musulmi ya duba kwali, don yawancin na kasuwarsu daga fatar alade ake yi. Haka ma ruwan banila na asali, dokar Amurka ta ce sai da giya kashi 35 cikin 100 a ciki. Garin banila ko 'ya'yan cikin kwanson suna yin aikin.

Yanzu ga kofi. A faranti shotkek ba ya da ladabi: a danna cokali, saman ya zame, kirim ya fito ta gefe. Kofi ya kashe wannan matsala, ya daidaita rabo, ya sa ana iya ci a tsaye a wajen biki. Amma ya zo da tasa. A faranti, romon da ya yi yawa gangarewa yake gefe. A kofi ba shi da wurin zuwa sai ƙasa, inda kek yake kwance yana jira. Minti kaɗan na sakaci, cokalin ƙarshe ya zama jiƙaƙƙen burodi mai ruwan hoda. Idan kuma tsoro ya sa aka hana romon gaba ɗaya, mai ci ya tarar da busasshen gari a gindi bayan kirim ya ƙare. Gwanintar duka tana tsakanin waɗannan biyu: kek ya sha, amma kada ya nutse.

Ga yadda gwanar ke yi. Da farko tana raba 'ya'yan da romonsu, ta tsame su da cokali mai huji, romon ya zauna a nasa kofin. Daga nan ita ke da iko da kowane ɗigo. Biskit ɗin ba ta yanka shi da wuƙa, ɓara shi take da hannu, gutsure kamar girman goro, saboda gefen da aka ɓara yana da ƙofofi da ke shan romo, yankan wuƙa kuwa shafe su yake. Ta zuba kaɗan a gindi ba tare da dannawa ba. Ta ɗiga romo cokali guda, ba ƙari. Sai 'ya'yan, sai kirim. Kirim ɗin nan na tsakiya ba ado ba ne, katanga ce: maiƙonsa yana hana kek na hawa na biyu shan ruwan da ke ƙasa, don haka idan cokali ya ratsa, ya samu na ƙasa ya jiƙu ya yi laushi, na sama kuma da sauran ƙarfinsa. Kek iri ɗaya, hali biyu, a kofi guda. Sai ta maimaita, ta rufe da kirim, ta ɗora ɓawon biskit mafi gasuwa da rabin sitiroberi a kai. Ragowar romon sai za a miƙa take zubawa.

Kofin kada ya wuce mililita 200 zuwa 250. Amurkawa suna son kwalbar Mason, wadda John Landis Mason ya yi wa rajista a 1858 don adana abinci, saboda ƙaramarta ta yi daidai wannan girma kuma tana da murfi. Hawa kuma kada ya yi kauri. Ma'aunin da babu gardama a kansa shi ne cokali: duk nutsawa ɗaya ya fito da kek da ja da fari tare. Idan sai an ci kirim cokali huɗu kafin a ga sitiroberi, an yi gini ne don hoto.

Tambulan kuwa ba ya rufa asiri. Kek babba ana iya shafe kuskurensa da kirim, amma gilashi yana nuna kowane hawa da kowane shafin yatsa. Shi ya sa gwanar ba ta zuba kirim da cokali. Tana ɗura shi a leda mai tsabta, ta yanke kusurwa, ta fara matsawa daga jikin gilashi tana zagayowa tsakiya, layin ya fito fes. Yankan sitiroberi mafi kyau takan jingina su da bangon kofi, fuskar da aka yanka tana kallon waje. Kuma ba ta gama kofi ɗaya ta koma wani. Jera su take duka a tire, ta bi su da kek, ta dawo ta bi su da romo, haka har sama, don na farko da na hamsin su zama tagwaye.

Ko da na ce ina bayan biskit, gaskiya kofi yakan tilasta a sassauta. Biskit ba ya son jira. Minti 15 zuwa 30 bayan haɗawa shi ne lokacinsa, kuma firji abokin gabansa ne, don botan da ke ciki yana sandarewa ya yi tauri. Idan kofunan za su yi awa uku kafin a ci, kek mai soso ko mai bota da ƙwai ya fi dacewa, domin shi zaman firji gyara shi yake. Japanawa wannan hanya suka bi tun da kamfanin Fujiya ya fara sayar da nasa a 1922: soso mai taushi, kirim mara zaƙi sosai, har ya zama kek ɗin Kirsimeti a ƙasar. Abin da biskit ya fi shi da shi gishiri ne da ɓawo. Soso zaƙi ne a kan zaƙi, biskit kuwa yana ba harshe wurin hutawa.

Don haka mai yi wa taro daga baya take lissafi. Idan za a ci da ƙarfe biyar, an auna fulawa da bota tun safe suna firji, sukari ya hau sitiroberi da uku da rabi, kwaɓi ya shiga obin da huɗu saura, ya fito ya huce sarai, don ɗuminsa kaɗan ya isa ya narkar da kirim, bugu ya biyo baya, haɗi ya zo a ƙarshe. Hukumar aikin gona ta Amurka tana gargaɗin kada abinci mai madara ya wuce awa 2 a waje, awa 1 kuma idan zafi ya haura digiri 32. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, wannan na biyun shi ne dokar kullum.

Ba sai an je Florida ba kafin a gwada. Tudun Jos, mai tsayin sama da mita 1,200, yana da sanyin da sitiroberi ke so, kuma manoman Chaha da kewayen Vom suna fitar da shi a lokacin hunturu har ana kai wa Abuja da Legas. Lokacin ya yi wa mai shotkek daɗi, don a sanyin Janairu bota yana jimawa bai narke a hannu ba, kirim ma ya fi saurin tashi. Idan kakar sitiroberi ta wuce, Amurkawa kan koma kan 'ya'yan fic na watan Yuli su yi abu ɗaya da su. Mangwaro zai karɓi wannan aiki, amma a zaɓi mara zare, a rage sukari zuwa cokali ɗaya, a ƙara lemon tsami, kuma a niƙa kashi ɗaya cikin uku, domin shi ba ya sakin romo da kansa kamar sitiroberi.